Amsa: injin na zafi a cunkoson Kejetia

Malam, ka ce allurar zafi tana hawa ja in ka maƙale a cunkoson Kejetia a Kumasi, amma da ka hau titin Accra sai ta sauko. Wannan ya fi kama da matsalar fankar lagireto. A guje iska ce ke sanyaya ruwan, a tsaye kuwa aikin fanka ne. A duba fis ɗinta, da rile (makunnin da ke tura mata wuta), da ita kanta fankar.

In allurar ta sake hawa, kashe na'urar sanyi, ka ware hita, domin tana janye zafin injin. Ka gangara gefe ka kashe mota. Don Allah kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya haura digiri 100, yana iya tsartuwa ya sale maka fuska da hannu. Matsa tiyon lagireto na sama da tsumma; in yana da tauri, ƙara jira. Sannan ka juya murfin kaɗan, iskar ta fita tukuna.

Kada ka kwara ruwan sanyi a kan injin mai zafi, kan silinda na iya tsagewa. In ya huce, zuba kulan (ruwan sanyaya inji) da tataccen ruwa rabi da rabi. Ruwan rijiya tsatsa yake kawowa.

In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, mai yiwuwa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone. A jawo motar zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Kuma kada wani makanike ya cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji; in ya lalace, a canza sabo.