Soyayyen koren wake irin na Sichuwan: me ya sa yake fitowa sharkaf?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son koren wake da niƙaƙƙen nama irin suyar 'yan China, amma duk lokacin da na yi sai ya fito sharkaf da ruwa, waken da sauran tauri, naman kuma fari fat kamar dafaffe. Komai nakan zuba a kasko lokaci ɗaya in rufe. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ai kin faɗi laifin da bakinki: haɗa komai lokaci ɗaya, da kuma murfin nan. Wannan girki na lardin Sichuwan ne da ke ƙasar China, sunansa gan biyan si ji dou, ma'ana waken da aka soya har ya ƙafe. Duk sirrinsa korar ruwa ne. Murfi kuwa tara tururi yake yi, sai suya ta koma dahuwa.

Ga gram 400 na wake, gram 100 na nama ya wadatar. A can da naman alade aka saba yinsa, amma Musulmin China, kamar 'yan ƙabilar Hui, naman sa ko na rago suke ci, kuma na sa yana zama daidai a nan muddin akwai ɗan kitse a jikinsa. Nama a wannan girki ɗanɗano ne kawai, wake ne mai gida.

Ki cire kan waken da jijiyarsa, ki kakkarya shi tsawon ɗan yatsa, ki wanke, sannan ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙayau. Kada ki yi wasa da wannan mataki. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kashe zafin mai, ga fallatsa.

Waken shi kaɗai za ki fara soyawa. Gidajen abinci sukan tsoma shi cikin mai mai yawa da ya kai wajen digiri 180 a ma'aunin Celsius, minti 3 zuwa 4. A gida, manyan cokula 3 na mai sun isa, sai dai ki raba waken gida biyu, ki baza shi kada ya hau kan juna, ki riƙa juyawa jefi-jefi na minti 8 zuwa 10. Yawan juyawa yana hana shi soyuwa sosai. Idan fatarsa ta yamutse, ta yi ɗigo-ɗigon ƙuna, kuma ya lanƙwasa ba tare da ya karye ba, to ya yi. Ki ɗanɗana ɗaya: in har yana gafi irin na ɗanye, ki ƙara masa lokaci, domin waken da bai nuna ba yana ɗauke da sinadarin lektin mai jawo amai da murɗawar ciki. Ki kwashe, ki barbaɗa gishiri kaɗan.

Ki bar cokali ɗaya na mai a kasko, ki zuba naman, ki farfasa shi. Zai fara fitar da ruwa, a nan mutane da yawa suke yin garaje. Ki dakata har ruwan ya ƙone, naman ya yi ja yana ƙamshi. Sai ki rage wuta ki sa busasshen barkono 6 a yayyanke, rabin ƙaramin cokali na masoron Sichuwan mai sa harshe ya yi zir-zir, tafarnuwa ƙwaya 3 da citta daidai girmanta, duk a daddatse. Daƙiƙa 30 kawai. Barkonon da ya yi baƙi ɗaci zai ba ki. Ki mayar da waken, ki ƙara wuta, ki zuba babban cokali ɗaya na soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken soya, ta gefen kasko don ya ɗan ƙone, da ɗan sukari. Minti ɗaya ki sauke. Bai kamata ki ga romo a ƙasan faranti ba.

Tambaya: Na ga ana cewa a sa "ya cai". Mene ne shi?

Amsa: Karan ganyen wani tsiro ne mai suna mustad da ake busarwa a tsima da gishiri, wanda ya fi suna shi ne na garin Yibin. Ana soya manyan cokula 2 tare da naman. Yana da gishiri sosai, saboda haka in kin sa shi ki rage soya sos zuwa rabi.