Yara sun fi son waya a kan guje-guje

Tambaya: Anti, ina koyar da motsa jiki a wani shirin dogon hutu a Aboabo, Kumasi. Da mun fara gudu sai yaran su zube, kowa ya ciro waya. Yaya zan yi? — Malama daga Aboabo

Amsa: 'Yata, gudu zalla ko ni ba zan jure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, amma ba dole a jere ba. Ki raba shi: ampe (wasan tsalle da tafi na yaran Ghana), ƙwallo, tsallen igiya. Agusta ma ba ta cika zafi a Kumasi ba, kin yi sa'a. Su fara shan koko da ƙosai, wayoyin kuma a tara su cikin kwando tun daga ƙofa.