Ku Tambaya Mu Amsa: Manhajar Tsara Aiki Ta Ƙi Karɓuwa

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin gini a Tawa, ayyuka biyu cikin gari, ɗaya a Ƙonni. Yarona ya sa mana manhajar Trello a wayoyi don mu riƙa bin aiki, amma ba a rufa wata ba kowa ya koma WhatsApp. In sayi wata manhajar ne? Daga wani ɗan kwangila, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Yawanci inda ake tuntuɓe shi ne wajen yanka aikin. A Trello kowane aiki kati ne da ake sawa a allo, ana matsar da shi daga layi zuwa layi. In aka rubuta kati guda "ginin gidan Ƙonni", wata shida zai yi bai motsa ba, wanda duk ya leƙa sau uku ya ga ba canji, ba zai sake leƙawa ba. A daddatsa shi yadda kowane kati ba zai wuce kwana uku ba: haƙa tushe, buga bulo, ɗaurin rodi, zuba kankare. Kowane kati sunan mutum ɗaya da ranar gamawa. Katin da aka rataya wa mutum biyu, kowa zai ce ya zaci ɗan uwansa ya yi.

Layuka huɗu sun isa: Ba a fara ba, Ana yi, Ya tsaya, An gama. Na ukun nan shi ne idonka. Duk katin da ya faɗa can sai an rubuta dalili, ko siminti ya ƙare, ko mai gida bai biya kashi na biyu ba.

Kada ka ce birkila da lebura su riƙa shigar da bayani, hannunsu na cikin kwaɓi. Shugaban kowane wurin aiki shi kaɗai zai yi, minti goma bayan La'asar, da hoto guda. Manhajar ta waya tana karɓar rubutu ko ba intanet, ta aika in layi ya dawo, sai dai a buɗe ta a gari tun da safe don allon ya sauka. Tsarin kyauta yana tsayawa a allo 10 da mutum 10, kowane fayil kuma kada ya wuce megabait 10, shi ya sa bidiyo yakan ƙi shiga.

WhatsApp ɗin ka bar musu don kira da gaggawa. Amma kai kanka ka daina karɓar rahoto a can. Muddin maigida yana amsa saƙon murya, ba mai wahalar da kansa da kati.

Akwai inda tsarin kyautar ya gaza ga magini: ba ya ɗaure aiki da aiki. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna shi da shi, kuma in zubin kankaren rufi ya makara da mako guda, cire katako, filasta da fenti duk sun ja baya. Nan ake buƙatar jadawalin Gantt, wanda ke tura ranakun gaba da kansa. Manhajar OpenProject tana da shi kyauta in ka ɗora a kwamfutarka, amma sai da mai kula da ita, da batir saboda ɗaukewar wuta, da kwafin bayanai a wani faifai duk ranar Juma'a. Na biya kuwa ana lissafa su ne bisa kan mutum a wata, galibi da dala ko yuro ta katin banki, don haka ka ƙirga masu shigar da bayani kawai: kai, akawu da shugabannin aiki uku.