Jakar farauta: ta wuni daban, ta kwana daban

Assalamu alaikum jama'a. Tunda Satumba ta kama zancen barr, wato fita daji, ya dawo a nan Saudiyya, duk inda ka zauna ko Jarwal ta Makka ko Karantina ta Jidda sai kaji ana shirya kashta, wato fitar shaƙatawa, wasu kuma maƙnas, tafiyar farauta ta kwana da kwanaki. Tambayoyin da suka taru min wannan karon kusan duk akan jakar goyo ne, shanta inji yaranmu na nan, to bari in tsamo guda biyar daga ciki.

Na farko wani saurayi ne daga Makka: "Kawu ranar Asabar muna hawa Ɗa'if wajen Shafa da abokaina mu wuni mu dawo. Naga wata jaka a intanet irin ta sojoji lita 80, aljihu sun kai goma sha biyar, riyal 120 kacal. In saya? So nake ta min har tafiyar kwana."

Ɗana kar ka saya. Lita 80 jakar wanda zai yi sati a daji ce, kai da zaka fita da asuba ka dawo isha lita 20 zuwa 30 ta isheka har da saura. Matsalar babbar jaka ba girmanta kaɗai bane, halin ɗan adam ne in yaga fili sai ya cika shi, yau ka jefa ƙaramar dalla ta gahawa, gobe darduma, jibi tukunya, kafin ka ankara kana hawa dutse kamar ɗan dako. Ƙa'idar da masu tafiyar ƙafa ke bi itace jakar wuni kar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, ta kwana kuma kar ta wuce kashi 20. Mai kilo 70 kenan kilo 7 ne rabonsa a wuni. To lissafa, ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cif, kuma a ƙasar nan ko da sanyi ne bana barin mota da ƙasa da lita 3 zuwa 4, kaga ruwa kaɗai ya cinye rabi. Ragowar shine dabino da ɗan abin taɓawa, wuƙa, tocila, fawa bank, bandeji da maganin ciwon kai, sai rigar sanyi, dan Shafa ta haura mita 2,000 a sama, in la'asar tayi hazo ya sauko zaka manta cewa da safe kana zufa a Makka.

Zancen aljihu goma sha biyar kuwa, kowane aljihu zif ne, kowane zif kuma abokin gabar yashi ne. Ni na taɓa sayen irinta dan kwaɗayin araha, fita ta biyu babban zif ɗin ya cije da ƙasa, na ja da ƙarfi ya buɗe ta baya, da igiyar tanti na ɗaure ta muka dawo abokai na ta min tsiya. Nemi mai babban ciki ɗaya, aljihun sama ɗaya, aljihun gefe biyu na gorar ruwa, zif mai manyan haƙora, in kaga an rubuta YKK a jikin marikin to alama ce mai kyau. In lallai kuɗinka na jaka ɗaya ne nemi lita 40 zuwa 45 mai maɗaurai a gefe da zaka tsuke ta in ba kaya sosai, zata yi wuni kuma zata lallaɓa kwana ɗaya.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah a Jidda, tace tana son ta saya wa maigida jaka kyauta ba tare da ya sani ba, dogo ne kuma kullum ya dawo daga barr sai ya kwana yana kukan kafaɗa, wace size zata ɗauka.

Hajiya Allah ya bar ƙauna, amma wannan kyautar da wuya ta yiwu a ɓoye. Ke kin fi ni sanin amsar ma. In kin goya yaro a ina nauyinsa yake zama? Ai ba a kafaɗa ba, majanyi ne ke ɗaure shi ya zauna akan ƙugu shi yasa mace zata wuni da goyo tana aiki. Jaka mai kyau haka take, tana da majanyinta, wannan faffaɗan bel mai soso da ke zagaye ƙugu, shi ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kusan kashi 80 cikin 100, hannayen kafaɗa aikinsu kawai su riƙe jakar kar ta rinjayi mutum baya. Ina kyautata zaton jakar maigida ko dai bata da bel ɗin gaba ɗaya, ko siririn igiya ne aka liƙa dan ado, ko kuma ta masa gajarta bel ɗin yana hawa kan cikinsa.

Kuma tsawon mutum ba shi ake dubawa ba, tsawon gadon baya ne. Wani dogo ne amma duk a ƙafa tsawon yake. Yadda ake aunawa, ya sunkuyar da kai zaki ji wani ƙashi ya turo a gindin wuya, daga nan ki ja tef ɗin tela har daidai saman ƙashin ƙugu, abinda ya bayar a santimita shine zaki kai shago, kamfanonin kirki suna rubuta tsawon bayan da kowace size take ɗauka. In kin nace sai dai ya gani kwatsam, ɗauki wacce bayanta ake iya ɗagawa a sauke, ki adana fatura wato rasit ki tambayi kwana nawa suke karɓar canji. Ranar da zai gwada kar ya goya ta babu komai, ko wace jaka daɗi gareta in ba kaya. A zuba mata gorunan ruwa kamar kilo 8 zuwa 10, ya fara ɗaure ƙugu, sannan kafaɗa, sannan ƙananan maɗauran nan biyu na saman kafaɗa da ke jawo jakar ta manne da baya, na ƙirji a ƙarshe, ya hau bene ya sauko na minti goma. Inda zata ci shi a dutse tun a benen zai fara ji.

Na uku yace zasu yi maƙnas kwana uku wajen Ha'il da mota biyu, ko lita 70 ta isa.

Ɗan uwa kafin lita tambayi kanka nisan da zakayi da motar. Yawancin fitar da muke yi a nan mota ce gida, azba ta kayan girki da jarkokin ruwa da farwa ta sanyi da tanti duk suna bayan shas, motar nan mai buɗaɗɗen baya, mutum yayi awa uku huɗu a ƙafa ya dawo. In haka taku take baka buƙatar lita 70 ko kaɗan, ƙaramar jakar wuni da wata jakar hannu ta banza da zaka zuba tufafi a mota sun gama maka, ragowar kuɗin ka sayi takalmi mai kyau. Babbar jaka ta wanda zai bar mota ya shiga duwatsu ya kwana can ne, shi zai nemi lita 50 zuwa 65 mai ƙarfe ko sanda a cikin bayanta, dan ba tare da wannan ƙashin bayan ba nauyin bazai sauka ƙugu ba komai kaurin bel. Kuma ko ita ruwa ne zai yanke hukunci. Kwana uku a lita 4 kullum, ba girki ba komai, kilo 12 kenan, mai kilo 70 saura masa kilo 2 na abinci da bargo da jakar kanta, kaga lissafin bai fita ba. Dan haka a ƙasar nan tafiyar kwana uku a ƙafa zalla sai in akwai inda kuka tabbatar zaku ɗebi ruwa ko mota zata tare ku a gaba. In zaka shirya ta, bargo a ƙasa, ruwa da abinci mai nauyi a tsakiya jingine da bayanka, rigar sanyi da magani a sama. Ledar ruwan nan mai tiyo da ake sha ana tafiya tana da daɗi amma kar ka zuba duk ruwanka a cikinta, ƙaya ɗaya ta bishiyar samur ta huda ta shikenan, raba da gora. Da daddare ka ja zif ka rufe, kunama na son ɗumi. Kuma ka faɗa wa wani a gida inda kuka nufa da ranar dawowa, network a barr ba abin dogaro bane.

Wani dattijo a Madina ya aiko da saƙon murya, yace su a gida burgami suke ratayawa su shiga daji lafiya lau, yanzu jikansa ya kawo masa ta zamani sau biyu yana sa tsuntsu a ciki wari ya kama ta.

Baba ku yi haƙuri, laifin ba naku bane. Burgami fata ce tana numfashi, wannan kuwa nailan ce an shafe cikinta da roba, in kuka ƙara da leda nama mai ɗumi yana shiga ya fara gumi ya lalace. Ku cire kayan cikin tsuntsun da wuri, ku bari ya sha iska a inuwa, ku sa a jakar atamfa ko tsohuwar rigar filo ku rataya ta wajen jakar, ana isa mota sai akwatin ƙanƙara. Wankin kuma da ruwan sanyi, ruwan zafi kama jini yake, ɗan sabulu mara ƙamshi da buroshi, ban da injin wanki, a shanya a inuwa dan ranar ƙasar nan cinye nailan take. In za'a sake saya muku a duba mai yadi mara ƙara, a goga hannu a jiki in tana kwaramniya kamar ledar biredi a ajiye, haka wannan maɗaurin mai ƙaiƙayi da ake ɓarewa yace kyaaat, tsuntsu na jinsa ya tashi. Launi na yashi ko na toka ya wadatar, ba sai mai zanen sojoji ba.

Tunda an zo nan bari in tuna mana, farauta a Saudiyya da lasisi ake yi, hukumar kula da namun daji ta ƙasa ce ke bayarwa ta manhajar Fitri, a shekarun nan lokacin yana kamawa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu, tsuntsayen da aka halatta a lissafe suke, tarar fita ba lasisi riyal 10,000 ce, damon nan da ake kira dabb da wasu ke tonowa shima riyal 3,000. Cikin Haramin Makka kuwa ba zancen lasisi ma, haramun ne ko baka da ihrami, haka na Madina tsakanin duwatsun Airu da Sauru. Ƴan Shafa da Hada kuma ku riƙe jakarku da kyau, birran hanyar nan sun san jaka abinci ke ciki, kana ajiyewa ka juya an wuce da ita.

Na ƙarshe gajere ne, yace kuɗinsa kaɗan ne, gwanjo a kasuwar Sawarikh ta Jidda ko manhajar saye da sayarwa ta Haraj ya halatta?

Sosai ma, tsohuwar jakar kamfanin kirki tafi sabuwar ta riyal 120. Ka juye cikinta ka shafa, in robar tana danƙo ko tana ɓarewa kamar garin sabulu ta mutu. Matsa soson ƙugu kaga yana dawowa, ja hannayen kafaɗa da ƙarfi ka duba ɗinkin inda suka haɗu da jiki, zuge kowane zif sau uku. Makullin bel in ya karye ba komai ana samunsa a shagunan kayan rihla wato tafiyar daji, ka rage masa kuɗi akai kawai. In ta Haraj ce kar ka tura ko sisi sai ka goya ta a bayanka.