Amsa ga taubashina na Kano, daga Injamena

Taubashi, saƙonka ya iso, har da tsokanar da ka liƙa masa a wutsiya. Ka ce wai 'yan kasuwar Cadi har gobe mun fi yarda da maganar baki a kan takardar banki, kana tambaya rashin wayewa ne, ko kuwa zama cikin Larabawa ne ya mai da mu haka. Har ka kira mu Hausawan aro. To kuɗin shararka na bana ka yi asararsa. Kuma in ka manta, Gwaggo da ta haife ka, a garin nan aka binne cibiyarta, tun ana ce masa Fallomi, kafin a sauya masa suna a 1973.

Abin da kuke kira LC, wato takardar lamunin banki, mu nan kiredok muke cewa, daga bakin Faransa. Mun san shi sarai. Mutumin da tashar jirgin ruwansa take Duwala, kayansa sai sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sun bi mota ta Garwa da Marwa da Kusuri kafin su ƙetare gadar Ngeli, ba a koya masa amfanin lamuni. Bankinka ya yi wa mai kaya alkawari cewa in ya kawo takardun da aka shardanta, za a biya shi. Banki ba ya buɗe kwantena, takarda yake dubawa, kuma dokokin da bankunan duniya suke bi tun 2007 sun ba shi kwana biyar na aiki ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Sai dai mai kaya a Sin ko Dubai bai san bankin Injamena ba, don haka yakan ce sai wani babban banki na Turai ya ƙara sa hannu. In da dala ne, kuɗin sai ya ratsa Niyok. A wannan gaɓar takunkumi yake kama mutum.

A farkon 2011 ni da Yaya muka buɗe kiredok na shayi da madarar gari. Muka zuba wa banki kaso mai tsoka na kuɗin a matsayin jingina, kaya suka hau ruwa. Suna kan teku Libiya ta kama da wuta. Ranar 26 ga Fabrairu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 1970, ya ɗaure dukiyar Gaddafi da iyalansa. Ranar 17 ga Maris ƙuduri na 1973 ya haɗa da babban bankin ƙasar da bankinta na harkokin waje. Mu ko Turabulus ba mu taɓa zuwa ba. Laifinmu ɗaya: akwai hannun jarin Libiya a bankin da muka bi. Bankin Turai ya ga haka ya naɗe hannu, ya ce sai lauyoyinsa sun duba.

Ka fahimci wani abu, don har masu boko suna rikita shi. Ɗaure dukiya daban, ƙwace ta daban. Kuɗin na mai shi ne, yana nan a rubuce, amma ba wanda ya isa ya motsa shi sai da izinin hukuma. Ƙudurin ma ya bar ƙofa don biyan cinikin da aka ƙulla kafin takunkumi, amma sai gwamnati ta sanar da kwamitin kwana goma na aiki kafin ta ba da izini. Wa zai ɗauki takardar ɗan kasuwar shayi zuwa can? Ga Amurka kuma da ƙa'idarta cewa kamfanin da wanda aka sa wa takunkumi ya mallaki kashi 50 cikin 100 nasa ko fiye, shi ma ya ɗauru ko ba a ambaci sunansa ba. Ma'aikacin banki da ya ga sunan da ya tsarga masa, ƙin biya ya fi masa sauƙi a kan bincike.

Sai muka zama kamar wanda ya hau jaki biyu. Jinginarmu tana kulle a banki. Mai kaya bai ga ko sisi ba, yana ta bugo waya. Takardar jirgi ta asali, wadda sai da ita ake sakin kwantena, tana kwance a teburin wani Bature. Kaya sun sauka Duwala, kwanakin alfarma sun ƙare, kuɗin jinkiri yana hawa kullum, madara kuwa tana da wa'adi. Shi kansa kiredok ɗin ranar mutuwarsa tana matsowa. Yaya ya rame har Inna ta fara yi masa rubutun sha.

Ka san wa ya fid da mu? Surukina, yayan matata, Balaraben Shuwa, irin auren da kuke taɓe baki a kansa. Yana da abokin ciniki a Dubai da suke harkar riɗi da ƙaro. Waya ɗaya ya buga. Wancan ya biya mai kaya daga asusunsa, aka soke kiredok da yardar kowa, aka saki takarda, mu kuma muka biya a hankali da riɗin kaka. Ba sunan ɗayanmu a jerin kowa, ba haram muka ci ba. Da na kawo takarda mu sa hannu, surukin nan fushi ya yi, ya ce ƙanwarsa da ke ɗakina ba ta isa shaida ba ne?

Mutanenmu na Abeshe da ke gabas, ɓangaren Sudan, ma sun riga mu shan wannan ruwan. Amurka ta sa wa Sudan takunkumi daga 1997 har Oktoban 2017, kuma duk takardar da sunan tashar ruwan Sudan ya fito a kanta sai an yi mata kallon hadarin kaji. Da aka ci bankin BNP Paribas tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 kan hulɗa da Sudan da Iran da Kuba, sauran bankuna suka ƙara tsorata da yankinmu gaba ɗaya. Ku kuwa sai a 2023, da ECOWAS ta ɗaure kadarorin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuka ga motoci sun yi layi a iyakar Jibiya da Illela, kuka fara tambaya. Mu maƙwabtanmu Libiya ce a arewa, Sudan a gabas.

Ba mu bar banki ba, kada ka je ka ƙara gishiri. Sefarmu a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da nairarku ba za ta yi alfahari da shi ba. Tun 2019 kuma babban bankinmu da ke Yawunde ya tsaurara fitar da kuɗi, ba ka shigo da babban kaya sai da takardu. Abin da ya sauya shi ne, yanzu kafin in buɗe kiredok sai na tambayi su wa ke da banki, wane banki zai ƙara sa hannu, jirgin na wace ƙasa ne, ina zai yada zango. Ina fifita yuro a kan dala. Kuma ba na zuba ƙwaina duka a can, rabi yana hannun mutanen da zan iya yi wa sallama a ƙofar gida.

Maganar Hausancinmu kuwa, ita ce ta ɗan sosa ni. Malam, kakanmu ni da kai, da ƙafa ya baro Kano zai tafi Makka, ya tsaya nan neman guzuri da ɗinkin hula, guzurin da bai gama haɗuwa ba sai bayan ya yi jikoki. Gaskiya ne a kasuwa Larabci muke yi, lissafi ma da riyal, sefa biyar-biyar. Gaskiya ne autana in ya yi fushi da harshen uwarsa yake faɗa, wannan kam yana damuna, ba zan ɓoye maka ba. Amma ranar suna wanzami ke zuwa, tuwo da miyar kuka ake tuƙawa, lefe muke kaiwa. Wancan zuwan da na yi Kano, 'ya'yanka na ji suna ce maka "dadi", ban ce komai ba.

In Allah ya kai mu bayan salla ka zo ta Maiduguri da Gamboru, zan tare ka a Kusuri. Ka riƙo mini daddawa da yajin Gwaggo, na wancan karon ya ƙare tun azumi.