Hukuncin taya gida ƙasa da kimarsa idan mai shi ya amince maka

Tambaya: Malam, maƙwabcina dattijo zai sayar da gidansa don ya biya bashin da ya yi masa katutu. Ya ce mini shi bai san yadda kasuwar gidaje take yanzu ba, in faɗi abin da na ga ya dace tunda na fi shi sani. Na tambayi dillalai biyu ba da saninsa ba, sun gaya mini kimar gidan. Ina so in taya kashi 70 cikin 100 na wannan kimar, domin na ji an ce muddin ragin bai kai sulusi ba halal ne. Haka ne?

Amsa: Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka taya. Neman ragi a ciniki halal ne, babu saɓani. Da a ce mai gidan nan ya san kasuwa, ya sa kuɗinsa, ka taya ko da rabi ne, ya ce albarka ko ya sallama, da babu abin da zan ce maka.

Amma hankalinka ya tafi kan sulusi, alhali hukuncin yana cikin maganar da ka ambata a gurguje, wato cewar da ya yi bai san kasuwa ba, kai ka faɗi abin da ya dace. Wanda ya faɗi haka malamai suna kiransa mustarsil, mutumin da ya bayyana rashin saninsa kuma ya miƙa wuya ga amanar abokin cinikinsa. Daga lokacin da ya faɗi wannan magana, duk adadin da ya fito daga bakinka zai ɗauke shi a matsayin shaida a kan kimar gidansa. Idan ka ce masa 70 alhali dillalai sun ce maka 100, ka yi masa ƙarya ko da ba ka rantse ba, kuma malaman Malikiyya da Hanbaliyya sun ba irinsa damar warware cinikin ranar da ya gane.

Batun sulusi kuwa ya rikita mutane da yawa. Wasu malaman Malikiyya ne suka sa shi ya zama ma'aunin cuta mai tsanani a ciniki, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibnu Asim, ya kawo shi a littafinsa Tuhfa tare da sharaɗin cewa wanda aka cuta bai san kima ba, kuma shekara ba ta wuce ba tun da aka yi cinikin. Wannan ma'auni ne na alƙali, wanda zai duba ko ƙarar da aka kawo gabansa ta isa a rushe ciniki. Ba a taɓa nufin ya zama izinin cin kashi 30 na dukiyar wanda ya yarda da kai ba. Hadisin da ake jingina shi gare shi, inda Annabi (SAW) ya ce wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas sulusi ma yana da yawa, a kan wasiyya ya zo. Kuma da sulusi iyaka ce ta riba, da Abdullahi bin Zubair bai sayar da filin Gaba, wani wuri kusa da Madina, a kan 1,600,000 ba, alhali mahaifinsa ya saye shi a kan 170,000, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Saboda haka tsakanin masana biyu ragi ya iya wuce sulusi ba tare da laifi ba, amma a wurin wanda ya ba ka amana, ko kashi 10 ka ɓoye masa ha'inci ne.

Mafita tana da sauƙi. Ka je ka same shi, ka ce: “Baba, na tambaya, an ce gidan ya kai kaza, ni kuma ƙarfina kaza ne, kuma zan biya nan take.” Idan ya zaɓi kuɗin hannu a kan jiran mai saye na watanni, ya halatta gare ka, domin ya sallama ne da saninsa. Kasancewar bashi ne ya tura shi bai ɓata cinikin ba, sai dai ina jiye maka ka mai da matsuwarsa abin da za ka murɗa. Idan akwai tsagewa a bango ko rufin yana yoyo, ka kira magini ya ƙiyasta gyaran a gabansa, a cire wannan kaɗai, kada ka kushe gidan da abin da babu shi.

Ka kuma bincika ko wani ya riga ka taya har sun kusa daidaitawa, domin a nan ne aka hana shiga cinikin ɗan'uwa. Ka tabbata gidan nasa ne shi kaɗai, ba na gado ba ne da sauran magada ke da haƙƙi a ciki. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kuma ina ba ka shawara wani daga cikin 'ya'yansa ya kasance a wurin, domin bayan an gama ciniki za ku ci gaba da haɗuwa da iyalin nan. Allah ne Mafi sani.