Hukuncin Bin Diddigin Kabarin Kakan da Ya Rasu a Yaƙin Bama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Ƙofar Sauri ne a birnin Katsina. Kakanmu na wajen uba ya tafi soja zamanin yaƙin Hitila, aka kai su Bama, bai dawo ba. Abin da ya rage mana shi ne hotonsa da kaki da wata takarda mai lambarsa. Ina so in binciko inda aka binne shi, amma baffana ya ce tone-tone ne, wai mutumin da ya yi wa Nasara yaƙi a bar shi da Allah. Ya halatta in ci gaba? In mun gano kabarin, za mu iya ɗauko shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Binciken ya halatta, kana ma da lada in niyyarka zumunci ce da addu'a. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a san nasaba gwargwadon abin da za a sadar da zumunci da shi. Abin da aka hana, kamar yadda ya zo a Muslim, shi ne alfahari da asali da sukar nasabar wasu. Sanin kabarin ɗan'uwa kuwa yana da tushe: Annabi (SAW) da kansa ya ɗora dutse a kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi, Abu Dawud ya kawo wannan.

Maganar baffanka ka karɓe ta da ladabi, amma ba hujja ba ce. Kakanku Musulmi ne, yana da haƙƙin addu'a a wuyanku. Mutanen da aka ɗiba daga ƙasar nan ba halinsu ɗaya ba: wani talauci ya kai shi, wani hakimi ya rubuta sunansa ba da son ransa ba, da yawa ma dako suka yi, suna ɗaukar kaya a ka cikin dazuzzukan Arakan, wani yanki na ƙasar Bama. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, har can ya je ya duba su. Ba mu da ikon yanke wa kakanku wuta, haka nan kada ku yanke masa shahada. Buhari ya ƙulla babi guda a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne kai tsaye. Ku nema masa gafara.

Inda nake so ka yi hattara shi ne wajen tabbatarwa. Sojojinmu sun yi yaƙin Bama, wato Myanmar ta yau, galibi a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a 1944 da 1945. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta zuba sunayen mamatan a intanet, kyauta ake dubawa. A maƙabartar Taukkyan, arewa da Yangon, akwai kaburbura, akwai kuma ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san makwancinsu ba. To amma magatakardan soja sau da yawa sunan yanka da sunan gari kawai yake rubutawa. Audu Katsina nawa ne suka shiga jirgin zuwa Bama? Saboda haka lambar da ke hannunka ta fi sunan daraja, ka adana takardar kamar ƙwai. In lamba ba ta dace ba, kada ka dawo ka ce wa dangi ka gano shi don hankalinsu ya kwanta. Jingina kanku ga wanda ba naku ba babban laifi ne a shari'a. Ka tuntuɓi tsofaffin gidanku tun suna raye, da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Batun ɗauko shi kuwa, ban yarda da shi ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sauya wa mamaci kabari da sharaɗin akwai maslaha kuma ba za a keta alfarmarsa ba. Bayan shekara tamanin me za a tono in ba ƙasusuwa ba? Hadisin A'isha ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. A ranar Uhudu ma, da aka fara kwaso waɗanda aka kashe zuwa Madina, umarni aka yi a mayar da su inda suka faɗi.

Ziyara sunna ce in hanya ta kai ka, ka yi sallama, ka yi addu'a, ba shafa dutse, ba ɗebo ƙasa. Yin takakkiya musamman don kabari malamai sun yi saɓani a kansa, ni dai ina ganin kuɗin jirgin gara ka haƙa rijiya da su ko ka ciyar, da niyyar ladan ya kai gare shi. Sadaka da addu'a suna isa ga mamaci ko daga Ƙofar Sauri aka yi su.

Wallahu a'alam.